Shawarwari ga mai rubuta littafin tarihin talabijin a Garwa

Da aka tattauna batun a majalisa bayan sallar isha'i, yawancin mutane cewa suka yi a fara da dattawa. Talabijin ta shigo Kamaru ne a 1985, kuma masu tuna yadda yara ke cika zauren mai akwati ɗaya a unguwa suna nan da ransu. A je a ɗauki muryarsu tun da wuri.

Wani malami ya ƙara da cewa kada littafin ya tsaya a CRTV, gidan rediyo da talabijin na gwamnatin Kamaru. A rubuta yadda fina-finan Kano da Arewa24, wadda ta buɗe a 2014, suka sauya hirar mata a tsakar gida. Ni ma nan na fi karkata. Tsofaffin kaset kuwa, zafi na cin su, a kwafe su yanzu.