Musayar Baitoci Kan Soron Kafin Madaki

Ɗan Birji:
Kafin Madaki, Bauchi, ƙasar Ganjuwa,
Akwai wani soro mai ɗaukar idanuwa,
Babban Gwani Durugu ya ɗaura tulluwa,
Wajen 1860 aka yi ginawa,
A 1956 hukuma ta yi killacewa.
Gwanaye, da me aka yi shi ya ƙi faɗuwa?

Mai Kwaɓi:
Yaya, tubali ne, ba bulon siminti ba,
Birji ake haƙowa, ba yashin rafi ba,
A jiƙa, a sa ciyawa, a tattake da ƙafa,
A bar shi ya kwan biyu, ba a yin gaggawa ba.
A mulmula da hannu, gindi faɗi, kai tsini,
Rana ke gasa shi, ba wutar itace ba.
A jera tsini sama, a cike da kwaɓi,
Sahun yau ya sha iska, ba a hau shi ɗanye ba.
Bango ƙasa kauri, yana hawa yana ramewa,
In ka miƙe shi sak, ba zai yi ƙarko ba.

Mai Azara:
Malam, ka yi bango, rufin fa, ina bayani?
Azarar giginya, namiji, shi ne magani,
Gara na shakkarsa damina da rani.
Amma ƙafa shida take ɗauka, ka gani,
In ka zarce haka ta lanƙwashe da nauyi,
Shi ya sa bakan gizo ya zama aikin gwani:
Azara kan azara, kowacce ta ɗan leƙo,
A ɗaure da igiya, a lulluɓe da gini,
Daga bango biyu har su gamu a tsakani.

Ɗan Birji:
To ruwan Agusta fa, Baba, da me ake tarewa?

Baba Magini:
Ɗana, makuba, daga kwasfar ɗorawa,
Ita ake shafe bango, ruwa ya bi ya zurarewa.
Laso na rufi: katsin marina ake nemowa,
Da gashin akuya, da dafara don kamawa.
Masu yaɓa siminti, kai, suna ban takaici,
Danshi ya shige ciki ya rasa hanyar fitowa,
Ƙasa ta kumbura, simintin ya ɓamɓaro falle-falle,
Ya bar bangon tsirara yana zaizayewa.
Ku duba indararo kafin hadari ya haɗu,
In ya toshe, ruwa kan rufi yake kwanciya,
Ya ratsa laso, kan azara ya yi ruɓewa.