Shin kisan 'yan'uwan sarki ne ya tsare Daular Usmaniyya?

Malamin Tarihi: Na faɗa a aji, ina kuma maimaitawa a nan: dokar Sarki Muhammad Alfatih, wadda ta halatta wa ɗansa da ya hau gado ya kashe 'yan'uwansa, ita ta hana daular wargajewa. Ku tuna 1402, kafin wannan doka, da Taimur, mayaƙin sarki daga tsakiyar Asiya, ya kama Sarkin Usmaniyya Bayazid na ɗaya a yaƙin Ankara. Shekara 11 'ya'yan Bayazid suna gwabzawa kan sarauta, sai 1413 ƙura ta lafa. Talakawa nawa suka salwanta a ciki?

Hajiya Babba: Malam, Allah ya gafarta, zuciyata ta ƙi wannan magana. A 1595 Muhammad na uku ya sa aka shaƙe 'yan'uwansa 19, yawancinsu yara ƙanana. Mutanen Istanbul suna kallo aka fito da makarorinsu daga fadar Topkapi, aka binne su kusa da mahaifinsu a harabar masallacin Ayasofiya. Wai shaƙewa ake yi don kada jinin sarauta ya zuba ƙasa. Uwar da aka ɗauke wa yaro, me wannan ya rage mata?

Malamin Tarihi: Hajiya, wallahi ni ma abin yana min ciwo. Amma dubi Jem, ƙanen Bayazid na biyu. Ya nemi sarauta a 1481, aka ci shi da yaƙi, ya gudu tsibirin Rodos. Daga nan aka wuce da shi Faransa, sannan aka miƙa shi hannun Fafaroma a Rum. Duk shekara Bayazid yana aika zinariya dubbai don kawai su ci gaba da tsare shi, kuma hannunsa a ɗaure game da Turai har Jem ya rasu a 1495. Ɗan sarki guda da ya tsira ya zama makami a hannun abokan gaba.

Ɗalibin Fiƙihu: Malam, Jem ya ɗaga takobi, hukuncin ɗan tawaye sananne ne. Hadisin da ke cewa in an yi wa halifofi biyu mubaya'a a kashe na ƙarshen, wanda ya riga ya fito neman mulki yake nufi. Jinjiri da bai yi komai ba fa? Ba a hukunta mutum kan laifin da ake zaton zai yi nan gaba.

Auta: Yaya, to da suka daina, me aka samu? Ahmad na ɗaya ya bar ƙanensa Mustafa da rai a 1603, daga baya sarauta ta koma hannun babba a gida, 'ya'yan sarki kuma aka riƙa kulle su a sashen fada da ake kira kafes, wato keji. A da gwamna ake tura su Manisa ko Amasya su koyi mulki. Sulaiman na biyu kusan shekara 40 ya yi a kulle, sannan a 1687 aka fito da shi aka ce ga daula.

Hajiya Babba: Amma yana raye, Auta. Kuma bayan an bar wannan al'ada daular ta ƙara shekara wajen 300, har 1922. Malam, ka amsa min wannan.

Malamin Tarihi: Ta daɗe, Hajiya, na yarda. Sai dai daga nan sojan Janisari, wato zaɓaɓɓun dakarun sarki, da manyan fada suka samu ɗan sarki a ajiye, suka riƙa tuɓe sarki suna naɗa ɗan'uwansa. Usman na biyu ma kashe shi suka yi a 1622, suka maido da Mustafan nan kan gado.

Ɗalibin Fiƙihu: Wannan laifin sojoji ne, Malam. Bai wanke jinin yaran nan 19 ba.