Wace rumfa ce za ta ɗauki tanti a bayan Hilux?

Ɗan Maigatari: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina so in rufe bayan Hilux da rumfa, in ɗora tantin kwana a samanta saboda yawon kasuwannin ƙauye. Ta roba zan saya ko ta ƙarfe?

Mai Walda, Gumel: Wa alaikumus salam Alhaji. Ka fara tambayar nauyi iri biyu: wanda rumfar ke ɗauka mota na tafiya, da wanda take ɗauka a tsaye. Na tafiyar shi ne ƙarami, kuma shi ya fi muhimmanci. Tantin yakan kai kilo 50 zuwa 80, ka haɗa da ƙarafunan da zai zauna a kai. Ta roba, in babu ƙarfe a cikinta, gargadar hanyar burji za ta tsaga ta daga bakin ramin kusoshi.

Bakanike, Ringim: Gaskiya ne maigida. In ta gida za a ƙera, a sa bututu mai kusurwa huɗu, faɗi milimita 40 da 40, kauri milimita 2. Ƙafafu huɗu su sauka kan gefen bodi, a ɗaure da kusoshi M10, wato masu kaurin milimita 10, da farantin ƙarfe a ƙasa. Kada a yi masa walda da bodin, tsatsa za ta ci wurin.

Mai Walda, Gumel: Kuma Alhaji, nauyi a sama yana sa mota rinjaya, a sassauta gudu a kwana da cikin yashi. Bayan tafiyar farko a sake matse notunan.