Abin da na tsinta a hirarmu kan aƙidar kamfani

Jiya mun sha hira da abokai masu aiki a manyan kamfanonin nan masu rassa ƙasa-ƙasa, kusan bakinsu ɗaya, wai aƙidar da aka manna a bango ba ta sa kowa ƙwazo, halin oga ma'aikaci yake kallo. Wani ya kawo misalin Toyota, ƙaramin ma'aikaci ma yana da ikon jan igiya a tsayar da layin haɗa mota in ya hango matsala, to ka ga dole ya sa ido. Bankin Wells Fargo na Amurka kuwa, matsin lambar sai an sayar da hajojin bankin ko ta halin ƙaƙa ya sa ma'aikata buɗe asusun bogi da sunan kwastomomi, a 2016 aka ci bankin tara. Wata ta ce kafin ka karɓi aiki, tambayi na ciki su wa ake ƙara wa girma.