Kundina ya maƙale a babi na uku: in nemi a sauya mini malami ko in ci gaba da jira?

Mai tambaya (an sakaya suna):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a sakaya sunana, akwai abokan karatuna a cikin nan.

Ni ma'aikaciyar gwamnati ce a Abuja, muna zaune a Kubwa da maigidana da yara. Ina digiri na biyu a fannin gudanar da harkokin gwamnati a ɗaya daga cikin jami'o'in da ke kewayenmu. Kwasa-kwasan aji na gama su tun bara, kuma alhamdu lillahi babu wanda ya kayar da ni, duk da yadda aka yi su Allah kaɗai ya sani. Ranar Juma'a daga ofis sai Berger neman mota, ba na shiga gida sai bayan isha'i, Asabar kuma in fita yara na barci. Na ɗauka da an gama jarrabawa an huta, ashe kundin ne aikin.

Bincikena a kan tara kuɗin shiga ne a ƙananan hukumomin Abuja. Na rubuta babi na ɗaya zuwa na uku, na buga, na kai wa malamin da aka haɗa ni da shi. Watanni ke nan. In na kira ba ya ɗauka, in na tura saƙo ta WhatsApp sai in ga alamar an karanta, shiru. In na roƙi ogana izini na je makarantar, ko in tarar da ƙofa a kulle, ko a ce yana taro, ko ya tafi wata jami'a jarraba ɗalibai. Ranar da na dace da shi, sai ya zaro aikin daga ƙarƙashin tulin wasu, ya buɗe shafin farko kawai, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin taken, ya yi ɗan rubutu a gefe, ya ce in je in gyara. Na gyara na mayar, har yau babu labari.

Yanzu ga sabuwar shekarar karatu ta zo, dole in sake biyan kuɗin rajista alhali ba na shiga aji. Wasu 'yan ajinmu har sun kare shawarar bincikensu, wato sun gabatar da tsarin binciken da za su yi a gaban malamai. Wani mai shagon buga takardu a bakin makaranta ya ce in ba shi kuɗi ya rubuta mini kundin gaba ɗaya. Wata ƙawata ta ce ai hannu wofi nake zuwa, shi ya sa. Maigida kuma ya fara cewa in haƙura da karatun, tunda kuɗin mota kaɗai ya isa a yi cefanen mako. Ni kuma wallahi ina son karatun nan, ba don ƙarin girma kaɗai ba. Shin in rubuta ƙorafi in nemi a sauya mini malami? Ko hakan zai jawo mini abin da ya fi wannan? Ku ba ni shawara tsakani da Allah.

Maman Hanif:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, kamar da bakina kika yi magana. Mu namu karatun yajin aikin ASUU na 2022 ne ya ritsa da shi, tun daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Muna dawowa ba da daɗewa ba aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota ya tashi. Duk da haka mun gama. Kada ki bari. Aski ne ya zo gaban goshi.

Abu Sadik, Mararaba:
Hajiya ni gaskiya zan faɗa miki ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Ke ba koyarwa za ki yi a jami'a ba, takarda kike so ki kai ofis. Ga aiki ga yara ga cunkoson hanya. Ki ba masu rubutawa su rubuta, ki zauna ki karanta sosai kafin ranar karewa, ranar da malamai za su yi miki tambayoyi a kan kundin. Da yawa haka suka yi suka wuce.

Dakta, malamin jami'a:
Malam Abu Sadik, ka yi haƙuri, wannan shawara ba ta taimake ta ba. Bar ma maganar amana da halaccin takardar da za ta ci abinci da ita. Matsalarta ba rashin rubutu ba ce, ta riga ta rubuta. Ko wa ya rubuta, teburin malamin nan dai zai koma. Sannan masu shagunan nan tsofaffin kundaye suke kwafowa su sauya sunan gari da shekara, jami'o'i da dama kuwa yanzu sai an saka aiki a manhajar gano satar rubutu irin su Turnitin kafin a ba da ranar karewa. Wanda ya tsallake wannan, tambaya guda ke tona shi a zauren karewa. Na ga ɗalibin da aka tambaya me ya sa ya zaɓi yawan mutanen da ya raba wa takardar tambayoyi, ya yi ta juya shafuka yana gumi, don bai san ma akwai lissafin a aikinsa ba.

Malama mai tambaya, kafin in ce komai: me ya rubuta a gefen taken, kuma wane gyara kika yi?

Mai tambaya:
Ranka ya daɗe Dakta, ya rubuta da Turanci cewa fagen ya yi faɗi. Da shekara goma na ce zan duba, sai na rage zuwa biyar, na daidaita babi na ɗaya a kan haka.

Dakta:
To, ina ganin a nan gizo ke saƙar. Ba shekarun yake nufi ba, ko in ce ba su kaɗai ba. Abuja ƙananan hukumomi shida gare ta: AMAC, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. AMAC ita ke da Wuse da Garki da Maitama da Asokoro, manyan otal-otal da kasuwanni da gine-ginen ofisoshi. Kwali da Abaji kuwa yawancinsu karkara ne, noma da kasuwar mako. Idan kika zuba su duka a kundi ɗaya kika ce "kuɗin shiga", ba a san me kike aunawa ba, kuma mace mai aikin ofis ba za ta iya zagaye su shida ta tattaro bayanai ba. Malami mai ƙwarewa in ya ga irin wannan take ba ya wuce shafin farko, domin ya san babi na biyu da na uku duk za su sauya in an gyara taken.

Ki ɗauki ƙaramar hukuma ɗaya. Kubwa a ƙarƙashin Bwari take, ga ki a ciki, to me zai kai ki Abaji? Sannan ki ɗauki nau'in haraji ɗaya, misali harajin gidaje ko kuɗin rumfunan kasuwa. In kina son kwatance, ki haɗa Bwari da guda ɗaya kawai. Daga nan tambayoyin bincikenki kada su wuce uku, kowace tambaya da manufarta, kowace manufa da inda za ki samo amsarta. Ki ce wa za ki tambaya: masu karɓar harajin, ko masu biya, ko duka? Su nawa ne? In yawan jama'ar na da girma sosai, jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 da ɗalibanmu ke yawan amfani da shi don ƙayyade yawan waɗanda za a tambaya yana tsayawa ne a wajen mutum 384, amma in ma'aikatan sashen haraji ne kawai, ba su da yawan da za ki buƙaci haka.

Tun yanzu kuma ki gwada ko alƙaluman za su samu, kafin ki gina kundi a kansu. Ki karɓi takardar gabatarwa daga sashenku ki kai sakateriyar ƙaramar hukumar. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 da ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar da aka rubuta, sai dai a aikace sallama da mutunci da takardar makaranta sun fi saurin buɗe fayil.

In kin yi wannan, kada ki sake kai masa babi uku. Shafi ɗaya za ki kai: sabon take, matsalar a sakin layi guda, tambayoyi, da inda bayanai za su fito. Shafi ɗaya ana karanta shi a tsaye a bakin ƙofa.

Ummu Aiman:
Dakta bayaninka ya yi, Allah ya ƙara basira, amma ka kare abokin aikinka. Abin da ka zauna ka rubuta mata yanzu, me ya hana shi faɗa mata a minti biyar? Baiwar Allah ta biya kuɗi, ta bar ofis, ta bar yara, ta shiga motar haya a garin da kullum ake jin labarin 'yan wan-cans masu yi wa fasinja fashi, ta je ta tarar da ƙofa a kulle. Ko saƙon "kada ki zo yau" bai iya turawa ba? Wannan zalunci ne, a kira shi da sunansa.

Dakta:
Hajiya ban musa ba. Shirun watanni ba daidai ba ne, kuma haƙƙinta ne a yi mata bayani. Abin da na sani dai shi ne malami ɗaya kan riƙe ɗaliban digirin farko da na biyu da na uku a lokaci guda, ga lakca, ga makin jarrabawa, ga kwamitoci, abokan aiki da dama kuma sun bar ƙasar ba a maye gurbinsu ba. Wannan ba uzuri ba ne, amma shi ke sa aikin da aka sauƙaƙa wa malami ya riga sauran fita.

Game da sauya malami: ana yi, amma shi ne mataki na ƙarshe. Kowane sashe na da jami'in da ke kula da masu karatun gaba da digirin farko. Shi za ta fara samu, baki da baki, ta ce tana neman taimako a haɗa ta da malaminta, ba ƙara ta kawo ba. In bai yi ba, sai takarda zuwa ga shugaban sashe, ta zayyana ranar da ta miƙa aiki da ranar da ta mayar da gyara, babu zagi babu zargi. Sau da yawa akwai malami na biyu da aka rubuta mata a takarda, ta bincika, wataƙila shi zai riƙa karantawa. Ta kuma sani cewa wanda aka ƙwace ta daga hannunsa yana iya zama a cikin masu yi mata tambayoyi ranar karewa, tunda sashe ɗaya ne. Maganar zuwa da wani abu a hannu kuwa, kada ta fara. Wanda ba ya karɓa zai raina ta, wanda ke karɓa ba zai tsaya a na farko ba.

Barista, Gwarimpa:
Mu da muka yi Makarantar Horar da Lauyoyi a Bwari wahalarmu daban ce. Shekara ɗaya, baƙi da fari kullum, zaman aji tun safe, a tura ka kotu da ofishin lauyoyi, sannan jarrabawar ƙarshe. Akwai matsi, amma kowa ya san ranar gamawa. Da na zo digiri na biyu sai na ga babu mai kafa maka rana, in ka yi shiru shekara ta wuce. Abin da ya fitar da mu, mu huɗu da ke ƙarƙashin malami ɗaya muka haɗu, muka roƙe shi rana guda a wata, muka riƙa zuwa tare. Ya fi masa sauƙi, mu ma mun raba kuɗin mai. Ki nemo sauran ɗalibansa, Anti. Ga mace kuma zuwa cikin jama'a ya fi kwanciyar hankali, kuma duk ganawa ta kasance a ofis, da rana.

Baba Alhaji, mai ritaya:
'Yata, ni a sashen kula da ma'aikata na ƙare aikina, don haka ta nan zan taɓa. Kin ce kina roƙon oganki izini. Shin kina da takardar amincewar ma'aikatarku ta yin wannan karatu, a rubuce, a cikin fayil ɗinki? Izinin baki yana tafiya ne da mai shi ranar da aka yi masa canjin wurin aiki. Na ga waɗanda suka kawo shaidar digiri aka tsaya ana tambayar wa ya ba su izinin tafiya. In babu, ki rubuta yanzu ta hannun shugaban sashenki, ki ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Rasit ɗin rajista ma kada ki yar da ko ɗaya, kuma ki biya ta bana a kan lokaci, ki tambayi iyakar zangon da aka yarda ɗalibi ya yi, domin kowace jami'a na da nata.

Shi kuma maigida, gajiya ce da tausayinki. Ki zaunar da shi ki nuna masa abin da ya rage da kuma lokacin da kike sa ran gamawa. Namiji ya fi jure abin da ya san ƙarshensa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, takardar amincewa ina da ita tun farkon shiga, zan dai duba ko wa'adinta bai ƙare ba. Barista, na san mutum biyu da ke ƙarƙashinsa, zan neme su yau. Dakta, zan tsaya a kan Bwari da kuɗin rumfunan kasuwa, tunda kasuwar Kubwa da ta Dutse duk kusa da ni suke. Amma ya zan rubuta masa saƙon? Duk wanda na tura a baya dogo ne, da gaisuwa da ban haƙuri.

Dakta:
Ki gajarta shi, ki tura da safe a ranar aiki, kada da dare ko ranar hutu. Sallama, sunanki da shekarar da kika shiga, sai ki ce: "Na taƙaita taken zuwa ƙaramar hukuma ɗaya da nau'in haraji ɗaya kamar yadda ka umarta. Shafi ɗaya ne. Mu uku ne ɗalibanka muke son zuwa tare, Talata ko Alhamis, wacce ta fi maka?" Ki liƙa hoton shafin a ƙasa. In mako biyu ya wuce babu amsa, ki ɗauki shafin nan ki je wurin jami'in sashe.