Ruwan sadaka a Mina: kalmar «riya» ta raba zauren mazauna Makka

Baban Walid:
Salamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita, abin ne ya tokare mini maƙogwaro tun daren jiya. Wani bidiyo na gani yana yawo, na wani kamfanin ruwan gora da ba zan kama sunansa ba. An nuna samari da korayen riguna suna miƙa wa alhazai ruwa a hanyar Jamarat, a ƙarshe aka rubuta wai su masu kare muhalli ne. To ni shekara takwas ke nan ina tuƙa motar kwasar zibala, wato shara, a Mina da Muzdalifa duk lokacin Hajji, abin da kyamararsu ba ta ɗauka ba ni nake kwashewa. A Hajjin 2025 alhazai sun haura miliyan 1.6. Ku ƙaddara kowa gora biyar kacal ya sha a yini, miliyan 8 ke nan kafin rana ta faɗi, kuma kun san a zafin nan babu mai tsayawa a biyar. Safiyar Muzdalifa ba ka ganin ƙasa, roba ce ke ƙara a ƙarƙashin taya. Da yawa ma da ruwansu a ciki, an kurɓa sau biyu, ya yi zafi, an yar. Manyan motocinsu na zuwa maƙare da katan-katan, su sauke, su yi hoto, su juya wayam. Ban taɓa ganin wadda ta dawo ta ɗauki ko buhu ɗaya na robar da ta kawo ba. Wanda ya iya kawowa ai ya iya kwashewa. In ba haka ba, wallahi wannan ba sadaka ba ce, riya ce.

Malam na Misfala:
Wa alaikumus salam. Baban Walid, ka ji tsoron Allah. Ka san nauyin kalmar da ka jefa kuwa? Riya a zuciya take, ƙaramin shirka ake ce mata. Usama bin Zaid a fagen yaƙi ma, da ya yanke wa mutum hukunci kan niyyarsa, Annabi (SAW) tambayarsa ya yi ko ya tsaga zuciyarsa ya duba. Kai daga kujerar mota ka tsaga zukatan mutanen da ko sunansu ba ka sani ba? Kuma ka rasa sadakar da za ka taɓa sai shayar da ruwa, wadda aka nuna wa Sa'adu bin Ubada a matsayin mafificiya da ya zo neman abin da zai yi wa mahaifiyarsa da ta rasu. Ka janye.

Maman Rayyan:
Allah ya saka da alheri Malam. Ni ban manta Hajjin 2024 ba, zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, mutum sama da 1,300 suka rasu, yawancinsu marasa tasrihi, wato izinin Hajji, da ba su da tanti. Da idona na ga wata tsohuwa ta zube a hanyar Arafa, goran da wani yaro ya tsiyaya mata a ka shi ya dawo da ita. Ranar nan wa ke ta roba? Ko da riya aka ba ta, ai ta sha.

Baban Walid:
Hajiya, ban ce kada a ba da ruwa ba. Cewa na yi a dawo a kwashe.

Abu Fahad:
Ni dai ina bayan Yaya Baban Walid. Wanda ya ɗauko mai hoto kafin ya ɗauko katan, me sunan aikinsa? Kakannina a Jarwal sun yi shekaru suna ajiye tulu a ƙofar gida don mai wucewa, babu wanda ya rubuta sunansa a jikin tulun. Ɓoye sadaka ya fi, wannan a Suratul Baƙara yake.

Malam na Misfala:
Ka karanta ayar daga farkonta, ɗana. Cewa aka yi in kun bayyana sadakoki to madalla da hakan, sannan aka ce ɓoyewa ya fi. Fifiko daban, haramci daban. Ku daina ɗaukar rabin aya a waya kuna zuwa mana da ita.

Abu Fahad:
Allah ya gafarta Malam, a Harami na yi haddata, ba a waya ba.

Direban Madina:
Ni tambayata ɗaya. Kamfani yana da zuciya ne da zai yi riya? Kamfani takarda ne da hatimi. Wannan talla sunansa.

Abu Fahad:
Takardar ce ta kira mai hoto? Akwai mutum a bayan hatimin.

Direban Madina:
To shi mutumin albashi yake karɓa, an ce ya yi bidiyo ya yi. Riyar wa za a rubuta, tasa ko ta mai kamfani?

Malam na Misfala:
Abin da ake yi don a ji labari ma sunansa sum'a, ba riya ba. Kun ga ko kalmar ba ku rarrabe ba, amma kuna yanke hukunci.

Injiniya na Jubail:
Jama'a, roba ba ta da laifi, mai yarwa ke da laifi. Sirinjin asibiti roba ne, bututun ruwan gidanka roba ne. In a kwalba aka raba wa mutum miliyan ɗaya da rabi ruwa, masu tafiya da silifa ko ƙafa ba takalmi, ku yi tunanin abin da zai faru a Jamarat. Kuma ƙasar nan ba barci take yi ba. Tun 2021 aka ƙaddamar da shirin Koriyar Saudiyya, da burin dasa bishiya biliyan 10, aka kuma ɗauki alkawarin daidaita hayaƙin da ake fitarwa da wanda ake shanyewa nan da 2060. An kafa cibiyar kula da shara ta ƙasa a 2019. Irin su ku ba ku ganin alheri.

Ɗalibin Ummul Ƙura:
Da girmamawa Injiniya, bishiya ba ta cin roba. Ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD ta lissafa cewa kashi 9 cikin ɗari kacal na sharar robar duniya ake sake sarrafawa, alhali robar da aka ƙera a 2019 ta kai tan miliyan 460. Saura binnewa ake yi, ko ƙonawa, ko ta shiga teku. Shi ya sa a Nairobi a 2022 aka yarda a rubuta yarjejeniyar duniya kan roba. An zauna a Busan ƙarshen 2024 aka tashi baram-baram, aka sake zama a Janiba a watan Agustan 2025 haka aka watse, domin ƙasashe masu mai, har da wadda muke zaune a cikinta, ba su yarda a ƙayyade yawan robar da za a ƙera ba. Dalilin a fili yake: roba daga mai da gas ake yin ta, kamfanin mai na Aramco ya sayi kashi 70 na SABIC, kamfanin sinadarai da roba, a 2020. Alkawarin daidaita hayaƙi nan da 2050 da Aramco ya ɗauka kuwa hayaƙin ayyukansa kawai ya shafa, bai haɗa da na man da ya sayar aka ƙona ba.

Mai kula da zaure:
Ɗalibi, a kiyaye. Zauren nan ba na siyasar ƙasa ba ne, akwai masu igama, wato takardar zama, a hannun kafili, akwai masu iyali. Kada a sake.

Injiniya na Jubail:
Da kuɗin man nan ake biyan kuɗin karatunka da tikitinka na hutu, ƙanena. Ba a cin tuwo a zagi tukunya.

Ɗalibin Ummul Ƙura:
Ban zagi kowa ba Yaya, abin da jaridu suka buga na faɗa. Kai ma albashinka daga robar yake, shi ya sa ka fara da wanke ta.

Injiniya na Jubail:
Halal ɗina ne, alhamdu lillahi, kuma daga shi nake aika wa marayun garinmu.

Abu Fahad:
Wannan da ka faɗa a bainar jama'a fa, Malam, riya ce ko sum'a?

Injiniya na Jubail:
Kai yaro, ban haifi kamarka ba amma na girme ka nesa ba kusa ba.

Inna ta Jidda:
'Ya'yana ku saurara, jikata ce ke rubuta mini. Na fi shekara ashirin ina tsintar gwangwani da kwali a Karantina kafin a rushe unguwar, da shi na aurar da 'ya'ya uku. Gwangwanin lemo ba ya kwana a ƙasa, domin mai sikeli na jiransa, kilo ake awo a ba ka riyal ɗinka a hannu. Goran roba kuwa sai ki cika ƙaton buhu ki ɗaga da yatsa biyu, wurin da ya cinye ya fi kuɗinsa, shi ya sa muke tsallake shi. Da masu ruwan nan za su ce duk wanda ya dawo da gora goma ga riyal ɗaya, wallahi kafin alhaji ya gama jifa an share Mina tas. Yaron nan Baban Walid gaskiya ya faɗa.

Ɗalibin Ummul Ƙura:
Inna, abin da Jamus ke yi ke nan. Santi 25 ake ɗorawa a kan kowane goran roba na amfani sau ɗaya, sai ka mayar da shi shago a ba ka kuɗinka.

Maman Rayyan:
Inna, don Allah a daina kawo zancen tsintar gwangwani a zaure. Ana ɗaukar hoton hira a watsa. Irin wannan ne ya sa duk inda muka shiga ake ce mana Takari, 'ya'yanmu na jin kunya a makaranta.

Inna ta Jidda:
Kunyar me, 'yar nan? Ban yi sata ba, ban yi bara ba. Lokacin da nake tsintar ke ba ki san hanyar filin jirgi ba.

Abu Fahad:
Takari ba zagi ba ne, daga Takrur yake, tsohuwar daula ce a yammacin Afirka. Masu kunyarsa su ne waɗanda suka zo jiya.

Maman Rayyan:
Mu ne muka zo jiya? Shekarata sha tara a Hindawiyya.

Direban Madina:
In gaskiya za a faɗa, mu ne ƙazaman. Ku leƙa tantin 'yan Malesiya a Mina ku leƙa namu. Halin da ya toshe kwatar Jakara a Kano da ledar fiya wata shi aka hau jirgi da shi.

Baban Walid:
Kano kaɗai ke da leda? Je ka Maraɗi ka ga yadda take rataye a kan ƙaya kamar an shanya. Kuma ni da ke kwasa na gaya maka babu ƙasar da ba ta zubarwa.

Direban Madina:
Ka bar Maraɗi a inda take. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya 2017, ku da kuke kiran kanku uwa ma ba da mama me kuka hana?

Malam na Misfala:
Duk wannan kewaye ne. Har yanzu ban ji ya janye kalmar ba.

Baban Walid:
Malam, in kalmar ce ta tsaya maka, sa wadda ka ga dama a wurinta. Kawar da abin cutarwa daga hanya shi ma sadaka ne, kai ka karantar da mu. Tambayata tana nan: wa zai kwashe?

Malam na Misfala:
Wannan ba janyewa ba ce.

Mai kula da zaure:
To jama'a, dare ya yi, ga abin da aka tsayar. Malam ya kawo hujja daga Alƙur'ani da hadisi cewa ba a hukunta niyya, kuma babu wanda ya iya ture ta, don haka kalmar da Baban Walid ya yi amfani da ita kuskure ce, muna fatan zai nemi afuwa gobe. Ni kaina na sha ruwan nan a Arafa ranar da harshena ya manne, ba zan zauna a ci mutuncin masu bayarwa ba. Injiniya ya nuna hukuma na bakin ƙoƙarinta, mun gode masa. Ɗalibi yaro ne mai karatu amma ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa, na goge saƙonsa mai tsawo. Abu Fahad ya kira Injiniya ya ba shi haƙuri. Maganar shara kuwa tarbiyya ce, kowa ya jefa goransa a kwando, baladiyya, wato hukumar gari, na da ma'aikatan da take biya. Na rufe zaure sai bayan sallar Asuba.