Fim ɗin Nowel da ya sa ni kuka a kan kwandon wanki: wa ya kalla?

Malamar lakwal, Sabon Gari:
Assalamu alaikum ƴan uwa na Damagaram. Jiya da rana ina ninke wanki, yara sun bar tele a kunne a TF1, wata tashar Faransa, sun fita wasa. Kun san duk ƙarshen shekara tashar ke jero finafinan Nowel (Kirsimeti) na Amurka da aka juya zuwa Faransanci, kuma da yake a hunturu agogonmu ɗaya ne da na Faransa, daidai bayan azahar suke faɗo mana. Ban ma ga sunan fim ɗin ba. Wata mata ce mijinta ya rasu shekara guda, biki ya zagayo, ita kaɗai a gida. Kullum da safe sai ta zuba kofi biyu, sannan ta tuna. Rigar sanyinsa na rataye a bayan ƙofa, ta kasa cirewa. Sai ga wani kafinta maƙwabcinta yana ta zuwa gyara mata taga. Wallahi ban san lokacin da na zauna a kan kwandon ba. Wa ya kalla, musamman wanda aka yi wa rasuwa? Yaya kuka ji?

Ɗan fada, Zengou:
Malama, mu a fada, majalisarmu ta shan shayi, muka kalla, kuma da farko dariya muka yi ta yi. Ai finafinan nan kamar fanke suke, kaskonsu ɗaya. Tashar Hallmark ta Amurka tun 2009 take jero su duk ƙarshen shekara, da yawa a Kanada ake ɗaukar su, wasu ma a tsakiyar lokacin zafi, ƙanƙarar da kuke gani zubawa ake yi. Muna shan shayi muna cewa kafinta zai aure ta tun kafin ya ajiye gudumarsa. To amma da aka zo inda ta kira lambar mijin don kawai ta ji muryarsa, sai na ji shayin ya ƙi wucewa. Yayana ya rasu a hanyar Tanout shekara biyu ke nan. Akwai saƙon muryarsa a WhatsApp ɗina, daƙiƙa 14, yana cewa in kai wa Inna kuɗin cefane kafin ya dawo. Gilashin wayar ya tsage, batir ba ya riƙe caji, amma na ƙi sauya ta. Na tashi na ce zan je sayo sukari, alhali sukari na nan cike da leda.

Hajiya, Birni:
Ɗana, Allah ya jiƙan yayanka, ya ba Innarku haƙuri. Ni jikata ce ta karanto mini wannan, ita ce kuma ke rubuta mini. Na kalla, ba na jin Faransanci sosai, amma irin wannan ba sai an fassara ba.

Abin da ya fara ba ni haushi shi ne yadda aka bar baiwar Allah nan ita kaɗai a ƙaton gida, ba dangin iya ba na baba. Na ce wa jikata, waɗannan mutane ba su da maƙwabta ne? Da Alhaji ya rasu, kwana bakwai ban san inda ludayina yake ba. Mata sun cika tsakar gida, maza a zaure har waje, wannan ta kawo fura, waccan ta aiko da tuwo. Na yi takaba wata huɗu da kwana goma kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, ƙanwata ta taso daga Magaria ta zauna da ni.

Daga baya sai na yi shiru, don na ga bakina ya yi saurin yanke hukunci. Bayan sadakar arba'in ƙafa ta ɗauke. Ƙanwata ma tana da nata gidan. Kofi biyun nan da kuke magana, ni a kwano na gan shi. Na fi wata shida ina auna shinkafa da rabonsa, in zuba a kwanonsa mai murfi, in rufe da faifai, sai na kai bakin zaure in tuna. Almajiran unguwa sun ci rabon Alhaji har suka saba, suna zuwa daidai lokacin.

Babbar Sallah ta farko ita ce ta fi yi mini nauyi. Shi ne ke fere itacen da ake tsire rago, ya kafa su kewaye da wuta, ya yini yana gyara garwashi yana faɗa da yara kada su matso. A shekarar ɗan maƙwabcinmu ne ya zo ya yi, ya kuma yi da kyau, Allah ya saka masa. Amma ina jin kakaki da algaita daga fadar sarki, gari na ta murna, ni kuwa na shige ɗaka na ce hayaƙi ne ya shigar mini ido.

Ɗaliba, Karkada:
Don Allah kuran ya ɗauke mana saura kaɗan a gama. Ta auri kafintan ko ba ta aure shi ba? Hajiya, kin sa ni hawaye.

Mai ɗinki, Mirriah:
Ƙanwata, ba a nuna ɗaurin aure ba, amma ta ba shi rigar mijin ya saka, suka tsaya gaban bishiyar nan mai fitilu, aka rufe. A nan ne ni fim ɗin ya ɓata mini rai. Sun nuna kamar da sabon mutum ya shigo, shi ke nan ciwo ya warke. Ni matata ta rasu wajen haihuwa. Ko arba'in ba a yi ba aka fara yi mini maganar aure, wai namiji ba ya takaba, wai yara na bukatar uwa. Gaskiya ne suna bukata. Bayan wata takwas na yi aure, kuma Allah ya haɗa ni da mutuniyar kirki. Amma ran da ta ɗauko turmin marigayiya za ta daka yaji, ƙarar taɓaryar kawai na ji daga shago, na taka keke ba daidai ba har allura ta karye. Ita ta lura, ba ta ce komai ba, washegari ta sayo nata turmin a kasuwar Dolé. Na marigayiyar na nan a kife, ta ce na babbar ƴarmu ne idan za ta ɗakinta. Da masu fim sun tambaye ni, wannan zan ce su nuna maimakon rigar.

Ƴar uwarku Kirista, Sabon Gari:
Ni abin da ke ba ni mamaki, mu da muke bikin, da wuya mu ga kanmu a ciki. Ba sujada, sai kyaututtuka da ƙanƙara. Nowel ɗinmu a nan, mu je coci, mu dawo mu dafa shinkafa da kaji mu raba wa maƙwabta, kamar yadda suke aiko mana da naman layya. Babanmu ne ke rubuta sunayen gidajen da za a kai wa a bayan kalanda. Bara da ba ya nan mun manta da gida biyu, sai da tsohuwar ɗaya gidan ta aiko tambaya ko lafiya.

Malamar lakwal, Sabon Gari:
Na gode muku duka. Ban faɗa da farko ba, mahaifiyata ta rasu cikin azumin da ya wuce, kuma zanen da nake ninkewa jiya nata ne, har yanzu ina wanke shi tare da nawa. Hajiya, in kin yarda zan shigo Birni ranar Alhamis in na taso daga kasuwa, in gaishe ki. Kai kuma ɗan Zengou, kada ka jira wayar nan ta mutu. Danna saƙon ka riƙe, ka tura shi zuwa wayar wani na gida, ka kuma sa a kwafe maka shi a katin waya. Ka tambayi Inna tukuna ko tana son ji, kada ka kunna mata ba zato.

Ɗan fada, Zengou:
To Malama. Na tura wa ƙanwata yanzu, ya shiga. Inna kuwa sai na ga fuskarta gobe.